Matsalolin Na'urar Ɗumama Ɗaki Mai Amfani da Iskar Gas da Hanyoyin Magance Su

GABATARWA

A duk shekara, daga watan Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan sauko daga Hamadar Sahara ɗauke da sanyi da ƙura, ta mamaye jihohin Arewacin Nijeriya. A wannan lokaci ne jama'a kan shiga neman hanyar ɗumama ɗakunansu, musamman saboda tsofaffi da masu jego da ƙananan yara. Tun da can an saba da kaskon wuta da kurfotin gawayi, amma yanzu da iskar gas ta shiga gidaje da dama, wasu magidanta da masu kiwon kaji sun koma amfani da na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da gas, wadda aka fi sani da hita.

Wannan na'ura tana da sauƙin sarrafawa, sai dai kamar kowane kayan aiki takan samu tangarɗa. Akasarin matsalolinta ƙanana ne waɗanda mai gida zai iya ganowa da kansa, amma akwai waɗanda yin ganganci da su kan jawo gobara ko asarar rai. Manufar wannan bayani ita ce a fayyace wa jama'a yadda na'urar take aiki, da matsalolin da aka fi cin karo da su, da abin da ke haddasa kowacce, da kuma iyakar inda ya kamata mai gida ya tsaya ya nemi ƙwararre.

SANIN ISKAR DA AKE ƘONAWA

Gas ɗin da ake ɗurawa a tukunya haɗi ne na iska iri biyu, furofen da butan, waɗanda ake matsewa har su zama ruwa. Idan aka buɗe bawul, ruwan yakan tafasa a cikin tukunyar ya koma iska, sannan ya fito. Furofen yana tafasa tun daga digiri 42 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, shi kuwa butan sai wajen digiri sifiri yake tafasa. Wannan bambanci yana da muhimmanci a lokacin sanyi, kamar yadda za a gani nan gaba.

Akwai halaye uku na wannan iska da ya wajaba kowa ya riƙe. Na farko, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi: furofen ya ninka ta kusan sau ɗaya da rabi, butan kuma kusan sau biyu. Saboda haka idan ta zurara ba ta tashi sama, sai dai ta kwanta a ƙasa, ta bi kwata da rami da ƙarƙashin gado. Na biyu, kaɗan daga cikinta ya isa ya kama da wuta, domin idan ta kai kimanin kashi 2 cikin ɗari na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya wadatar. Na uku, asalinta ba ta da wari. Warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji, wani sinadari ne ake zuba mata da gangan domin hanci ya gane yoyo da wuri.

Har ila yau, lita ɗaya ta ruwan furofen takan zama kimanin lita 270 ta iska. Wannan ne dalilin da ya sa ba a cika tukunya fal, ana tsayawa a wajen kashi 80 cikin ɗari domin a bar wa ruwan wurin kumbura idan zafi ya taɓa shi.

SASSAN NA'URAR DA AIKIN KOWANNE

Duk wanda ya san hanyar da gas ke bi, ba zai sha wahalar gano inda ya maƙale ba. Daga tukunya gas yana shiga regileta, wadda aikinta shi ne rage ƙarfinsa zuwa daidai abin da na'urar ke buƙata. Yawancin hitocin cikin gida suna aiki ne da ƙarfin miliba 28 zuwa 30 idan butan ne, ko miliba 37 idan furofen ne, kuma ana rubuta wannan adadi a jikin na'urar da jikin regiletar. Daga nan sai ya bi tiyo ya isa maɓallin sarrafawa, ya fita ta wata 'yar ƙaramar kafa da masu gyara ke kira jet, ya haɗu da iska, sannan ya kama a kan bona ko a kan farantin tangaran mai ƙananan huji.

A gefen bonar akwai 'yar ƙaramar wuta da ke ci koyaushe muddin na'urar tana kunne, ita ce ke kunna babbar. Kusa da ita akwai ƙyastu mai ba da tartsatsi, da kuma wata siririyar sandar ƙarfe mai jin zafi da ake kira tamokoful. Idan 'yar wutar ta gasa kan wannan sanda, takan samar da wutar lantarki 'yar mitsitsiya, wadda ke riƙe bawul ɗin cikin na'urar a buɗe. Da zarar wutar ta mutu sandar ta huce, sai bawul ɗin ya rufe da kansa. Hitocin da aka ƙera domin cikin ɗaki suna da ƙarin kariya biyu: mai kashe wuta idan iskar oksijin ta ragu daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa wajen kashi 18, da kuma mai kashe wuta idan na'urar ta karkace ko ta faɗi.

KAFIN A TAƁA KOMAI

Kafin a fara kowane bincike, a rufe bawul ɗin tukunya ko makunnin regileta, a bar na'urar ta huce sarai, a kuma fitar da ita tsakar gida ko wani wuri mai wadatar iska, nesa da murhu da janareta da mai shan taba. A nisantar da yara. Idan akwai takardar bayani da ta zo da na'urar, a duba ta, domin kowane kamfani yana da nasa tsarin.

MATSALA TA ƊAYA: NA'URA TA ƘI KAMAWA

A fara da abu mafi sauƙi, wato a tabbatar akwai gas. Ana buga nauyin tukunya idan babu komai cikinta a jikin hannunta ko wuyanta. A ɗora ta a sikeli, a cire wancan nauyi daga abin da sikelin ya nuna, abin da ya rage shi ne gas ɗin da ke ciki. Bayan haka a duba ko regileta ta zauna daram a kan bawul, da kuma ko tiyo ya lanƙwashe ko wani abu ya danne shi.

Idan sabuwar tukunya aka sa, ko na'urar ta daɗe a ajiye, iska ce ta cika tiyo. A danne maɓallin a matsayin kunnawa na kimanin rabin minti zuwa minti ɗaya domin gas ya koro iskar, ana yi ana buga ƙyastu. Idan aka ji warin gas kuma wuta ba ta kama ba, a saki maɓallin, a dakata aƙalla minti biyar warin ya baje kafin a sake gwadawa. Ci gaba da bugawa a cikin gas da ya taru shi ne ke sa wuta ta tashi a fuskar mutum.

Idan gas yana zuwa amma babu tartsatsi, a duba ƙyastun a wuri mai ɗan duhu. Wani lokaci wayarsa ce ta zame, ko farin tangaran da ke riƙe da shi ya tsage, ko kuma datti ya rufe bakinsa. A goge shi da busasshen ƙyalle, a mayar da wayar. Nau'in da ke amfani da batir kuwa, a sauya masa batir. Idan akwai tartsatsi amma 'yar wutar ba ta kamawa, to mai yiwuwa kafarta ce ta toshe. A wannan yanki namu ƙurar hunturu ce kan gaba wajen haddasa haka, sai kuma saƙar gizo-gizo da ginin zanzaro a na'urar da ta kwana damina a ajiye. A hura wurin da famfon keke, a share da buroshi mai laushi. Kada a kuskura a tsokale kafar da allura ko waya, domin an auna faɗinta ne daidai, kuma da zarar ta ƙara faɗi wutar ba za ta sake ci yadda ya kamata ba.

MATSALA TA BIYU: WUTA TA MUTU DA ZARAR AN SAKI MAƁALLI

Wannan ita ce matsalar da aka fi kai ƙorafi a kanta, kuma kusan koyaushe tana da nasaba da sandar nan mai jin zafi. Sau da yawa gaggawa ce kawai, domin sandar tana buƙatar daƙiƙa 20 zuwa 30 ana danne da maɓalli kafin ta ɗauki zafi.

Idan an jira kuma abin bai canza ba, a lura da 'yar wutar. Ya kamata ta kasance shuɗiya, a tsaye, tana lulluɓe kan sandar. Idan gajeriya ce ko rawaya tana rawa, ba za ta gasa sandar ba, kuma maganin shi ne tsabtace kafarta kamar yadda aka bayyana a sama. Idan kan sandar ya yi baƙi da kunkunniya, a goge shi a hankali da sanfefa mai laushi. Sannan a bi wayarta zuwa inda ta shiga bawul, a duba ko notin ya saki. A ɗaure shi da hannu, a ɗan ƙara da sifana ba tare da matsawa da ƙarfi ba.

Idan duk an yi wannan wutar ta ci gaba da mutuwa, to sandar ta gaji, sai a sauya ta da irin tata. Ana jan kunnen jama'a da kakkausar murya game da ɗabi'ar ɗaure maɓalli da waya ko roba, ko cusa masa tsinke domin ya zauna a danne. Wanda ya yi haka ya cire kariyar da ke tsakaninsa da gobara, domin idan iska ta kashe wutar cikin dare, gas zai ci gaba da kwarara cikin ɗaki ba tare da abin da zai tsayar da shi ba.

MATSALA TA UKU: NA'URA TA YI AIKI NA ƊAN LOKACI SANNAN TA MUTU

Idan hita ta ci na minti ashirin ko awa guda a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga sannan ta mutu da kanta, kada a yi saurin cewa ta lalace. Mafi yawan lokuta tana sanar da mai ɗaki ne cewa iskar shaƙa ta ragu. A buɗe ƙofa da taga, a bar iska ta shiga na wasu mintoci, sannan a sake kunnawa tare da barin taga a ɗan buɗe. Idan ta ci gaba da aiki lafiya, to ɗakin ne ya yi mata kaɗan ko ya rufu da yawa. A wurare masu tudu sosai, irin su tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba wanda ya haura mita 1,500, iska ba ta da kauri kamar ta ƙasa, saboda haka wannan kariya kan iya kashe wuta da wuri.

Sauran dalilan sun haɗa da iska mai kaɗawa daga ƙofa ko fanka da ke ture 'yar wutar daga kan sanda, da ajiye na'urar a ƙasa mai gangara har mai gane karkacewa ya ɗauka faɗuwa ta yi. Ƙura a kafar 'yar wutar ma takan sa kariyar ta riƙa kashe wuta ko da iska ta wadata. Ko wane ne dalilin, ba a cire wannan kariya kuma ba a yi mata dabara. Idan ta lalace, ƙwararre ne zai sauya ta gaba ɗaya.

MATSALA TA HUƊU: WUTA RAWAYA DA BAƘIN HAYAƘI

Lafiyayyar wutar gas shuɗiya ce. A hita mai farantin tangaran kuwa, farantin kan yi ja kamar garwashi bai ɗaya bayan 'yan mintoci, kuma wannan daidai ne. Ƙura da ke yawo a iska takan sa a ga ɗan tartsatsin ruwan lemo jefi-jefi, shi ma ba abin damuwa ba ne. Abin tsoro shi ne doguwar wuta rawaya mai lilo, da kunkunniya a jikin na'ura ko bango, da wari mai sa hawaye.

Wannan alama ce ta cewa gas ba ya samun isasshiyar iska. Kowane awo ɗaya na iskar furofen yana buƙatar kimanin awo 24 na iska kafin ya ƙone sarai, butan kuma ya fi haka buƙata. Idan ƙura ko gashi ko saƙar gizo ta toshe kafofin shigar iska, ko an yi amfani da regileta mai ƙarfin da ya wuce na na'urar, ko wani ya faɗaɗa jet, sai ƙonewar ta zama rabi da rabi, ta haifar da iskar guba. A kashe na'urar nan take, a tsabtace kafofin da bonar, a duba lambar regileta. Idan farantin ya tsage ko wani yanki nasa ya ƙi yin ja, ko kuma launin wutar bai gyaru ba, kada a sake kunna ta a ɗaki sai mai gyara ya duba.

MATSALA TA BIYAR: WUTA TA YI RAUNI, TUKUNYA TA YI RAƁA

Ruwan gas yana jawo zafi daga jikin tukunya kafin ya koma iska. Idan na'ura tana zuƙar gas fiye da yadda tukunyar za ta iya bayarwa, sai tukunyar ta yi sanyi, raɓa ko farin ƙanƙara ya fito a gindinta, ƙarfin gas ya faɗi, wuta ta yi ƙasa. An fi ganin haka idan aka haɗa babbar hita da 'yar tukunya mai kilo 3 ko 6, ko gas ya kusa ƙarewa, ko kuma da asubar hunturu a garuruwa masu sanyi irin su Jos, musamman idan butan ya fi yawa a haɗin.

Maganin shi ne a rage wuta, ko a yi amfani da tukunya mafi girma kamar mai kilo 12.5, a kuma ɗora ta a kan katako maimakon siminti mai sanyi. Haramun ne a kusantar da tukunya ga wuta, ko a kwara mata tafasasshen ruwa, ko a kwantar da ita, ko a jijjiga ta. Kwantar da tukunya kan sa ruwan gas ya shiga tiyo, wuta ta yi tsiri fiye da yadda za a iya shawo kanta.

Wasu regiletoci suna da kariyar da ke taƙaita gas idan ya fito da ƙarfi farat ɗaya. Idan aka buɗe tukunya da sauri alhali maɓallin hita yana buɗe, kariyar kan ɗauka tiyo ne ya fashe. A rufe komai, a cire regileta, a dakata minti ɗaya, a mayar, sannan a buɗe sannu a hankali. Domin mai gida ya san lissafinsa, hita mai ƙarfin kilowat 4.2 tana cin kimanin giram 300 a awa idan an ƙure ta, wato tukunya mai kilo 12.5 za ta yi kusan awa 40. Idan gas yana ƙarewa da sauri fiye da haka nesa ba kusa ba, a binciki yoyo.

MATSALA TA SHIDA: WARIN GAS

Ɗan wari na daƙiƙa kaɗan lokacin kunnawa ko sauya tukunya ba baƙon abu ba ne. Warin da ya zauna kuwa yoyo ne. A rufe tukunya, a buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da kowa waje. Kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki, kada a kunna fanka, kada a ƙyasta ashana, kuma a bari sai an fita waje kafin a yi amfani da waya.

Bayan warin ya baje, a kaɗa sabulu da ruwa, a shafa kumfar a kan bawul, da mahaɗar regileta, da duk tsawon tiyo, da inda ya shiga na'ura, sannan a buɗe gas ba tare da kunna wuta ba. Inda kumfa ta riƙa kumbura, nan ne yoyon yake. Ba a neman yoyo da ashana ko kyandir. Mafi yawan yoyo yana fitowa ne daga zoben robar da ke bakin bawul, ko kilif da ya saki, ko tiyon da ya bushe ya tsattsage, ko wanda ɓera ya ci. Ba a naɗe tiyon gas da salatif ko robar taya, ana sauya shi ne da tiyon da aka yi domin gas, ba na ruwa ba. Idan tukunyar ce da kanta take yoyo, a kai ta fili nesa da wuta da kwata da rijiya, a sanar da mai sayar da gas ko jami'an kashe gobara. Idan wuta ta kama kuma ba za a iya kaiwa ga bawul lafiya ba, a fice, a kira hukumar kashe gobara ko lambar gaggawa ta ƙasa, 112.

GUBAR DA BA A GANI

Haɗarin da ya fi gobara kisa cikin sirri shi ne iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau sama da 200. Ita ce dai iskar da ke hallaka masu kwana da gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa, abin da kan sa a ɗauka zazzaɓi ne ko gajiya. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka kamu da waɗannan alamu a lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da suka fita waje, a zargi na'urar.

A fitar da wanda abin ya shafa zuwa fili, a gaggauta kai shi asibiti domin a sa masa oksijin, ko da ya ce ya warware. Madara da manja ba sa cire wannan guba daga jini, kuma ɗura wa wanda ya suma wani abu a baki kan iya shaƙe shi. Saboda haka ba a barci da hitar gas a kunne: a ɗumama ɗaki, a kashe, a rufe tukunya, sannan a kwanta. Kazalika hitar da aka ƙera domin fili ko wurin gini ba ta shiga ɗaki, haka murhun girki ba abin ɗumama ɗaki ba ne. Mai hali ya sayi ƙararrawar da ke gane wannan iska ya maƙala.

Gumin da ake gani a taga da bango shi ma saƙo ne. Kowane kilo ɗaya na gas da ya ƙone yana fitar da ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a matsayin tururi. Idan ɗaki ya fara gumi, iska ba ta zagayawa yadda ya kamata.

GA MASU KIWON KAJI

Masu renon 'yan tsaki da burudar gas suna fuskantar waɗannan matsaloli fiye da kowa, saboda ƙurar dusa da ta ɓuntun shinkafa ko garin katako da ake shimfiɗawa tana saurin toshe matatar iska da jet. Ya kamata a riƙa share burudar a kai a kai, a kuma yi mata cikakkiyar tsabta bayan kowane zubi. 'Yan tsaki suna buƙatar zafin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana rage kimanin digiri 3 a kowane mako. Idan suka cunkushe a ƙarƙashin buruda, wutar ta yi rauni. Idan suka gudu gefe suna haki, ta yi yawa. Rufe ɗakin kaji ruf da leda domin tsimin gas kan sa a wayi gari da asarar zubi guda. A bar kafar iska ta sama, a rataye burudar da sarƙa a tsayin da kamfani ya ƙayyade, a ajiye tukunya a waje cikin inuwa, a kuma tanadi tukunya ta biyu domin kada gas ya yanke da tsakar dare.

TUKUNYA DA WURIN SAYEN GAS

Bisa ƙa'idar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, wa'adin tukunyar gas shekara 15 ne, kuma ana sake gwada ƙarfinta duk bayan shekara biyar. Ana buga shekarar ƙira a jikinta, saboda haka a duba kafin a saya, a kuma yi hattara da tsohuwar tukunya da aka yi wa sabon fenti. Wadda ta yi tsatsa a gindi, ko ta lotsa, ko aka yi mata walda, ta tashi daga aiki. A riƙa ɗura gas a wuraren da ke da lasisin hukumar NMDPRA, wadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta shekarar 2021 ta ɗora wa alhakin sa ido a kan wannan harka. A ajiye tukunya a tsaye, a inuwa, kada a bar ta a rufaffiyar mota cikin rana.

KULAWA KAFIN HUNTURU DA BAYANSA

A watan Nuwamba, kafin sanyi ya kankama, a fito da na'urar a share ta, a yi gwajin kumfa, a kunna ta a tsakar gida a ga launin wutarta. A duba tiyo da regileta, a sauya duk wanda ya tsufa. Lokacin amfani, a bar tazarar aƙalla mita ɗaya tsakaninta da labule, gidan sauro, katifa da tufafi, kuma ba a shanya kaya a kanta. Idan sanyi ya wuce, a cire tukunya, a rufe na'urar da leda ko kwali domin kare ta daga ƙura da ƙwari.

Aikin mai gida ya tsaya ne a kan shara, da gwajin kumfa, da sauya batir da tiyo da regileta. Buɗe bawul ɗin cikin na'ura, da sauya jet ko farantin tangaran ko kariyar oksijin, aikin ƙwararre ne. Regileta kuwa ba a buɗe cikinta, sabuwa ake saya.

KAMMALAWA

Ana kira ga magidanta da iyaye mata da masu gidajen gona da su koya wa duk wanda ke gidan, har da masu aiki, yadda ake rufe tukunya da abin da ake yi idan an ji warin gas. Haka nan ana fatan masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin masu sayar da gas za su taimaka wajen isar da wannan bayani ga waɗanda bai kai gare su ba. Duk wanda na'urarsa ta nuna wata alama da bai gane ba, ya rufe gas, ya buɗe taga, ya nemi wanda ya sani. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kwana ɗaya cikin bargo ya fi sauƙi a kan abin da ganganci ke jawowa.